Tsaron Indiya: Ƙaƙa Na Baya Ke Kai Yaƙi Gidan Na Gaba

 

A wannan wata zan yi maku zancen wani wasa. Kowa ya san dara, wadda ake haƙa ma gurabu cikin rairayi, wannan da itatuwa, wancan da duwatsu. To, akwai wani wasan tunani da ake yi bisa allo. Larabawa suna ce mashi shaɗaranji, Faransawa suna ce mashi eshek. Asalinshi daga ƙasar Indiya ne, yau shekara wajen 1500. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi, suka kai shi Turai ta hanyar Sipaniya. A shekara ta 1924 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wasan a birnin Paris.

Na daɗe ina wannan wasa. A cikinshi akwai wata tambaya da ta shafi kowa: in wani ya riga ka takawa, kuma ya fi ka fili, mi za ka yi? Za ka tsaya bakin ƙofarka kana tare shi, ko za ka bi ta bayanshi ka nufi gidanshi? Ni na zaɓi hanya ta biyu. Zan gaya maku dalili, in kuma gaya maku abin da take ci ma mai bin ta.

ALLO DA MAYAƘA

Allon yana da gida 64, takwas a tsaye, takwas a kwance, fari da baƙi a jere. Layukan tsaye suna da baƙaƙe: a, b, c, d, e, f, g, h, ana farawa daga hagun Fari. Layukan kwance suna da lamba daga 1 zuwa 8, ana farawa daga wajen Fari. Saboda haka kowane gida yana da suna. In an ce d4, sai ka bi layin d, ka hau har lamba 4.

Kowa yana da mayaƙa 16. Sarki yana taka gida ɗaya ta kowane gefe. Sarauniya tana tafiya miƙe ko a kaikaice, iyakar inda fili ya kai ta. Soro biyu suna tafiya miƙe kawai. Giwa biyu suna tafiya a kaikaice kawai, ɗaya bisa fararen gidaje, ɗaya bisa baƙaƙe. Doki biyu suna taka gida biyu miƙe, su karya ɗaya gefe, kuma su kaɗai ke tsallake kan wani. Sai dakaru takwas. Dakare gaba yake zuwa, gida ɗaya, amma a takunshi na farko yana iya yin biyu. A kaikaice yake ci. Ba ya komawa baya har abada. Ku riƙe wannan, don za mu dawo gare shi.

In ana ciniki, dakare ɗaya ne, doki uku, giwa uku, soro biyar, sarauniya tara. Sarki ba shi da farashi. In aka ritsa shi, ba wurin gudu, ba mai tare mashi, wasa ya ƙare. Wannan shi ake ce ma mat. Ko kana da dukiya cike da allo, in an yi ma sarkinka mat, an cinye ka.

Akwai kuma wani taku da ake yi sau ɗaya: sarki ya matsa gida biyu wajen soro, soro ya tsallake shi ya tsaya kusa da shi. Ni ina ce mashi shigar da sarki ɗaki.

Fari ne ke fara takawa kullum. Wanda ya riga ka barci, ya riga ka tashi. Lissafin wasannin gwanaye ya nuna Fari ya ɗan fi Baƙi samun nasara saboda wannan taku ɗaya.

ABOKIN WASANA

Abokin wasana wani tsohon mushen lakwal ne, ya girme ni da shekaru. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya gaggawa ko wajen shan shayi. In Fari ya faɗo hannunshi, kullum dakaren da ke gaban sarauniya yake turawa gida biyu, zuwa d4. Daga nan sai ya yi ta matsowa sannu sannu, kamar rairayin da ke cin gona.

Akwai amsa ta dattako ga wannan taku. Baƙi ya tura nashi dakaren zuwa d5, ya tsaya ƙirji da ƙirji. Hanya ce mai kyau, manyan gwanaye suna bin ta har yau. Na yi shekaru ina bin ta. Sai mu kwashe awa biyu, shi yana matsa, ni ina tarewa, a ƙarshe mu tashi kunnen doki ko ya ci ni da dakare ɗaya. Ba a wulaƙanta ni, amma sarkinshi bai taɓa jin ƙurar dokina ba.

Ran nan na buɗa mashi hanya, na bar mashi tsakiyar allo duka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ƙanena, lafiya? Ka bar mani gona ba shinge?"

Na ce, "Yaya, shiga ka noma. Ni akwai inda za ni."

Abin da na buga mashi shi ake kira Tsaron Indiya na gefen sarki.

INDA SUNAN YA FITO

Wajen shekara ta 1850, a birnin Kalkuta, wani lauya ɗan Sikotlan mai suna Jon Kokaran ya yi wasanni masu yawa da wani mutumin Bengal mai suna Banarji. A dokar wasan Indiya ta da, dakare gida ɗaya yake takawa ko a farko. Don haka Banarji bai saba rugawa tsakiya ba. Sai ya tura dakaren gefe gida ɗaya, ya ajiye giwa a bayanshi, tana hangen tsakiya daga nesa. Kokaran ya rubuta wasannin, daga nan sunan Indiya ya bi irin wannan shiri.

An daɗe ana ganin hanyar ba ta da ƙarfi. Sai cikin shekarun 1940 wasu samari na Tarayyar Sobiyat, haifaffun Yukuren, suka gyara ta: Dauda Buronstain, Isiyaka Boleslabski, daga baya kuma Efim Gela. A 1946, a karon da aka yi tsakanin biranen Mosko da Purag, Buronstain ya ka da gwanaye biyu da ita, duniya ta farga. Bayansu Bobi Fisha na Amurka, wanda ya zama zakaran duniya a 1972, da Gari Kasparof, wanda ya zama zakara a 1985, duka sun riƙe ta makami.

GA YADDA AKE TAKA TA

In kuna da allo, ku jera, ku bi ni taku taku.

1. Fari: dakare zuwa d4. Baƙi: doki zuwa f6.
2. Fari: dakare zuwa c4. Baƙi: dakare zuwa g6.
3. Fari: doki zuwa c3. Baƙi: giwa zuwa g7.
4. Fari: dakare zuwa e4. Baƙi: dakare zuwa d6.
5. Fari: doki zuwa f3. Baƙi ya shigar da sarki ɗaki, a g8.
6. Fari: giwa zuwa e2. Baƙi: dakare zuwa e5.

Ku tsaya nan ku duba. Fari yana da dakaru uku a jere, c4, d4, e4, kamar manoma a gayya. Baƙi yana can a takure. Amma sarkinshi yana cikin ɗaki, giwa tana gadin ƙofa, kuma yanzu ya jefa dakare tsakiya yana tambayar Fari: mi za ka yi da wannan fili naka?

Wanda ya fara koyo zai ce dakaren e5 ya tafi a banza. Bari mu gani. Fari ya ci e5 da dakare, Baƙi ya rama da dakaren d6. Fari ya ci sarauniya a d8, soron Baƙi ya rama. Fari ya ci e5 da doki. Ga shi kamar ya samu riba. Sai Baƙi ya ci e4 da dokinshi. Da dokin ya tashi daga f6, hanyar giwar g7 ta buɗe, tana duban dokin Fari da ke e5. In Fari ya ci dokin Baƙi a e4, giwa ta ci nashi a e5. An yi daidai, ba wanda ya ci wani. Kwaɗayi bai kawo komi ba. Shi ya sa Fari mai wayo yakan wuce.

7. Fari ya shigar da sarki ɗaki, a g1. Baƙi: doki zuwa c6.
8. Fari: dakare zuwa d5. Baƙi: dokin nan ya koma e7.
9. Fari: dokin f3 zuwa e1. Baƙi: dokin f6 zuwa d7.
10. Fari: giwa zuwa e3. Baƙi: dakare zuwa f5.
11. Fari: dakare zuwa f3. Baƙi: dakare zuwa f4.
12. Fari: giwar e3 zuwa f2. Baƙi: dakare zuwa g5.

Yanzu tsakiya ta kulle. Dakaru sun haɗa kai da kai kamar raguna, ba mai wucewa. Allo ya rabu biyu. Ku dubi jerin dakarun Fari: f3, e4, d5. Ya miƙa wajen gefen sarauniya, inda dukiyar Baƙi take. Ku dubi na Baƙi: d6, e5, f4. Ya miƙa wajen sarkin Fari. Ga doka mai sauƙi: inda jerin dakarunka ya nuna, can za ka kai yaƙi.

Fari zai tura dakare zuwa c5, ya ci d6, ya buɗe layin c ma sorayenshi, ya nemi shigar da doki ta b5 zuwa c7. Baƙi zai tura g4, ya bi da g3, ya fasa katangar sarki. Tsere ne. In Fari ya riga isa, zai kwashe dakaru, wani lokaci har da soro. In Baƙi ya riga isa, sarki zai kama. Ɗaya yana neman garke, ɗaya yana neman mai garken.

MUTUMIN DA YA KOYA DAGA KAYE

Wannan shiri ana kiran shi da sunan wani gari na bakin teku a Ajantina, Mar del Palata. A can, a shekara ta 1953, Giligoric ɗan Yugoslabiya ya riƙe Baƙi, ya ka da Migel Naidof da irin wannan hari.

Naidof mutum ne da ya ga duniya. Haifaffen Polan ne. A 1939 ya je gasa a Ajantina, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke yana can, bai koma ba. Matarshi da ɗiyarshi da iyayenshi duka sun hallaka a hannun ƴan Nazi. Ya sake gina rayuwa daga tushe.

Da Giligoric ya ka da shi, bai tsaya fushi ba. Ya zauna ya karanci sandar da aka buge shi da ita. Bayan ƴan watanni, cikin shekarar nan, aka yi babbar gasa a Zurik ta ƙasar Suwis. Naidof ya riƙe Baƙi gaban Mark Taimanof na Tarayyar Sobiyat. Taku 12 da na jera maku a sama su ne na wasansu.

Daga nan ku ga tsarin aiki. Naidof ya mai da doki f6, ya kai ɗayan g6. Ya ɗaga soro zuwa f7, inda yake gadin c7 ta gefe. Ya mai da giwa f8, tana tallafar d6, kuma ta bar ma soro gidan g7. Da mayaƙa biyu ya rufe ƙofar baya, sauran duka suka fuskanci sarki. A taku na 18 ya tura g4. A na 19 ya tura g3, ya ba da dakare kyauta don hanya ta buɗe. Taimanof ya ci. Dokin Naidof ya hau h5, baƙaƙen gidajen da ke kewaye da sarkin Fari suka zama kango. Bayan taku arba'in da ƴan kai Taimanof ya miƙa hannu.

Duk lokacin da na jera wannan wasa, abin da ke burge ni shi ne taku biyun nan na shiru, soro zuwa f7 da giwa zuwa f8. Mutum bai fita farauta ba sai da ya ɗaure ƙofar gida.

ABUBUWA HUƊU DA NA RIƘE

Na farko, giwar c8. Tana zaune a gida kamar ba ta aiki, amma ita ce wuƙar yanka. In Fari ya toshe da dakare a h3, ita ce ke faɗawa bisa h3 ta ba da ranta, katanga ta rushe. Shi ya sa Fari mai wayo yake neman musanya ta da tashi giwar. Kada ka yarda da wannan ciniki da sauƙi.

Na biyu, giwar g7. Dakarenta na e5 ya tare mata gaba, sai ka ga kamar makauniya ce. Ka yi haƙuri da ita. Ran da tsakiya ta buɗe, za ta hangi allo daga wannan kusurwa har waccan.

Na uku, taura biyu ba ta taunuwa. In ka fara hari, kada ka riƙa komawa kana tare kowane dakare da Fari ya taɓa a gefen sarauniya. Kowane taku da ka kashe can, ka rage shi ne daga tafiyarka.

Na huɗu, ka ƙidaya. Taku nawa ya rage mani in isa? Taku nawa ya rage mashi? Tsakanin jarumi da mai karambani ba komi sai ƙidaya. Wanda ya ruga bai ƙidaya ba, akuya ce ta je gai da kura.

BA KULLUM FARI KE BIN HANYA ƊAYA BA

Wani Fari a taku na 5 zai tura dakare f3, shirin da ake kira da sunan Zemish, wani Bajamushe. Zai jera giwa a e3, sarauniya a d2, sau da yawa ya kai sarkinshi gefen sarauniya, ya turo dakaren h bisa naka sarkin. A nan in ka ce lalle sai ka kai hari gefen sarki, za ka tarar mai gida ya ƙaura. Sai ka juya, ka nemi c5 ko b5.

Wani kuma zai jera dakaru huɗu, c4, d4, e4, f4. Abin tsoro a ido. Amma dakare ba ya komawa baya, kuma duk gidan da ya bari ya zama kufai. Ka shigar da sarki ɗaki, ka soke su da c5. A 1960, a birnin Laifzig na Jamus, Leteliye ɗan Shili ya turo ma Bobi Fisha dakaru haka, har ɗaya ya kai e5. Fisha yana da shekara 17. Ya ja doki baya, ya bar su suka yi nisa da gida, sa'annan ya bi su ɗaya ɗaya. A taku na 23 ya miƙa sarauniyarshi a ci, Leteliye ya ga in ya ci mat ne, ya sallama.

KUƊƊIN WANNAN HANYA

Ba zan ɓoye maku ba, hanyar tana da tsada. Buladimir Kiramnik na Rasha ya riƙa tura dakare b4 tun a taku na 9, don ya riga Baƙi isa. A 1997, a garin Nobgorod, ya ka da Kasparof da haka, kuma bayan wannan Kasparof ya kusa daina buga Tsaron Indiya ɗungum. Kwamfuta ma, in ka jera mata allon, sau da yawa Fari take ba gaskiya, saboda yawan filinshi. Don haka manyan gwanaye na yau ba su cika dogara da ita kamar na da ba.

Duk da haka ba ta mutu ba. Taimur Rajabof ɗan Azarbaijan ya ci manya da ita cikin shekarun 2000. A 2010, a birnin Bursa na Turkiyya, Hikaru Nakamura na Amurka ya ka da Boris Gelfan cikin taku 33. Ya yi ta barin sarauniyarshi a bakin ci, Gelfan bai samu sukunin ɗaukar ta ba, don kowane lokaci mat na jiran shi a g2.

Tsakanina da Yaya kuwa, tun ran da na sake hanya, kunnen doki ya yi wuya. Ran da harina ya makara da taku ɗaya, sai dokinshi ya shiga c7, soronshi ya biyo, in duba in ga gefen sarauniyata kamar gonar da fara ta sauka. Mayaƙana suna can cunkushe ƙofar sarkinshi, ba su shiga ba, ba su iya dawowa. Irin wannan kaye yana da zafi, kuma a gaban jama'a ake yin shi, don yara sukan kewaye mu.

Wata rana bayan ya yi mani haka, yana mai da mayaƙa cikin gwangwani, sai ya ce, "Ƙanena, mai iyali ba ya wasa haka. Da ka tsaya a d5, da yanzu muna nan muna shan shayi, ba wanda ya ji kunya."

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya. Amma yau sau nawa ka duba sarkinka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ban ƙidaya ba. Shayina ma ya huce."

Maganarshi ba ta banza ba ce, na daɗe ina juya ta. Kun san binne. Manomi ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, hatsinshi ya riga na kowa tashi. In yayyafi ne kawai ya biyo da rana, iri ya tsira ya ƙone, sai ya nemi wani. Mai binne ba mahaukaci ba ne, mai jiran ruwa kuma ba matsoraci ba ne. Kowa ya dubi rumbunshi ne. Mai sauran iri yana iya binne. Wanda tiya ɗaya ta rage mashi, ga yara, dole ya yi tunani sau biyu.

Allon eshek wuri ne da iri ba ya ƙarewa. In an cinye ka, ka sake jerawa, ba wanda zai kwana da yunwa. A nan mutum zai koyi halin zuciyarshi ba tare da ya yi asarar ko zangarniya ɗaya ba. Ni a nan na gane ina iya ganin ana kwasar kayana a hagu, in daure, in ci gaba da aikin da na sa gaba a dama. A nan kuma na koyi gane ranar da lissafi bai kai ba, in tsaya in tare. Yaya yana ganin zaman lafiya ya fi. Ni ina ganin wanda aka riga takawa, in kullum amsa kawai yake bayarwa, to rayuwarshi duka wani ne ke tsara mashi ita. Har yau ba mu shirya bisa wannan ba, kuma ba mu fasa wasa ba.

WA YA KAMATA YA BUGA TA?

Ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 13, ya ga ina yi, ya ce, "Kawu, koya mani wannan mai tura dakaru gaban sarki."

Na ce mashi, "Ɗana, sai ka fara iya yin mat da soro ɗaya da sarki. Sa'annan ka iya ganin taku biyu gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya yi wata biyu yana koyo. Yanzu yana buga ta, kuma ya fi ni saurin ƙidaya. Abin da nake gaya mashi shi zan gaya maku. In kai mai son komi a tsare ne, ba ka son ganin ɓaraka ko ɗaya a shingenka, ka tsaya a d5, ba abin kunya ba ne. In kuma kana iya jure a ce maka ka yi wauta har taku 20, don kana hangen abin da ke taku na 25, to Tsaron Indiya naka ne. Amma ka sani, da ka tura dakaren f da na g, ka yaye ma sarkinka bargo. Dakare ba ya dawowa. Daga nan sai gaba.

Wasan ba ya bukatar kuɗɗi. Ku samu kwali, ku ja layi tara a tsaye, tara a kwance, gida 64 za su fito. Ku shafa gawayi a gida ɗaya, ku tsallake ɗaya, ku tabbata gidan kusurwar hannun dama na kowa fari ne. Ku rubuta baƙaƙe a ƙasa, lambobi a gefe. Mayaƙa kuwa, yumɓu ya isa, ko marafan kwalba. Sarauniyar Fari tana zama a d1, ta Baƙi a d8, sarki kusa da ita a layin e, sai giwaye, sai dawaki, soraye a kusurwa, dakaru a gaba.

Ku jera taku 12 ɗin nan, mutum biyu su zauna, ɗaya ya nufi c5, ɗaya ya nufi g4. In an gama, ku sake gefe, don wanda ya kai hari ya ɗanɗana zaman wanda ake kai ma. Ku rubuta takunku cikin kaye, yadda Kokaran ya rubuta na Banarji, don ku gane a wane taku tseren ya rabu.